Masu neman aiki a Damagaram, yaya kuke tsara wuninku?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na gama lisans a jami'ar André Salifou, har yanzu ina zaune. Wani sati in yi ta rubuta damand ba ji ba gani, wani sati ko CV ba na buɗewa, sai fada da shayi har dare ya raba, in farka rana ta take. Don Allah wa ke da tsarin da ya ɗore masa?

Yayar Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gyaran daga dare yake farawa, in ba ka bar fada da wuri ba safiyarka ta tafi. Bayan asuba kar ka koma barci, ka duba sanarwar ɗaukar aiki a jaridar Le Sahel da gurup na WhatsApp, minti talatin ya isa, sai ka kashe intanet don mega ba kyauta ba ce. Ƙarfe 8 ka yi wanka ka sa kaya kamar mai zuwa buro, ka fita tun rana ba ta yi zafi ba, yau ANPE (hukumar da ke kula da masu neman aiki) gobe wata ONG jibi wajen wani tsohon malaminka, wuri guda a wuni ya wadatar amma kullum. Juma'a rabin wuni ce a ma'aikatu, ka bar ta don gyaran takardu.

Malamin lakol:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙarina shi ne dosiye. Yara da yawa suna rasa konkur saboda sai sanarwa ta fito suke fara gudun legalize a meri, ga layi, ga kuran ya ɗauke a wajen fotokofi. Ka aje shamis guda: diplom, takardar haihuwa, nasiyonalite, hotuna, katin ANPE. Kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka) kawai za ka riƙa lura da shi tunda wata 3 yake yi. Ka samu kaye ka riƙa rubuta inda ka kai da ranar da za ka koma bincike.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. To da yamma fa Malam? Nan ne zaman ke cin raina.

Malamin lakol:
Bayan la'asar ka kama wani abu ko na jaka guda ne, kur ga 'yan BEPC a unguwa ko taya wani tsaron shago a kasuwar Dole, kuɗin kabu-kabu da fotokofi daga nan za su fito. Kuma in an ba ka istaj ko ba biya ka karɓa, ana fi tuna fuskar da ake gani kullum.