Kamfanin da muke saro kaya a China ya ce ya canza asusu, in tura kuɗin?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe wa Alhajina lissafi da imel a shagonsa na shadda da yadi a Kantin Kwari. Akwai kamfanin da muka daɗe muna sari a wajensa a Guangzhou. Mun ba da kafin alƙalami, saura ciko kafin a loda kwantena. Jiya da daddare saƙo ya shigo da sunan matar da muke magana da ita kullum, ga tambarin kamfani, ga lambar inbois ɗinmu (takardar kuɗin kaya) daidai. Wai ana binciken tsohon asusunsu, mu tura cikon zuwa wani sabo a Hong Kong, kuma in ya wuce jibi kayan ba za su samu jirgin wannan makon ba. Alhaji ya ce in tura kawai kada kaya su makara wa salla. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don sunan da ke kan sabon asusun ba na kamfanin ba ne. Me kuke gani?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka tura ko sisi tukuna. Canjin asusu, da uzuri, da "yi maza kafin jibi", duk a saƙo ɗaya, haka 'yan damfara ke zuwa.

A waya suna kawai kake gani, kuma kowa na iya sa sunan da ya ga dama. Danna sunan, cikakken adireshin ya fito, ka jera shi da na wani tsohon saƙo ka bi harafi-harafi. Sukan sa r da n a jere su yi kama da m, ko lamba 1 a gurbin harafin l, ko su yanke .com ya koma .co. Sannan ka danna wurin ba da amsa ba tare da ka aika ba, ka ga adireshin da amsar za ta tafi.

Amma ko adireshin ya yi daidai, bai wanke saƙon ba. Abin da ya fi damuna shi ne lambar inbois. Wanda ya san ta yana karanta imel ɗin wani, ko naku ko na kamfanin. Sukan shiga su yi shiru makonni suna bin cinikin, sai ranar biya su sako baki. Saboda haka kada ka yi tambaya ta imel, mai yiwuwa ɓarawon ne zai amsa maka. Kira matar ta bidiyo a manhajar WeChat ko ta tsohuwar lambar da ke wayar Alhaji, ban da wadda ke cikin saƙon, ta karanta maka lambar asusun da bakinta.

In Alhaji na ganin ƙananan mutane kawai ake yi wa wannan, ka gaya masa tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika wa Google da Facebook inbois na bogi, suka biya sama da dala miliyan 100. A 2019 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar.

Hajiya Mai Turare:
Allah ya yi maka albarka ɗana da ka tsaya ka yi tambaya, sauri ya haifi nawa. Ka samu Alhaji ku biyu, ba a gaban yaran shago ba, ka nuna masa sunan asusun da idonsa. Ni tawa sana'ar ƙarama ce, turaren wuta da humra nake sayarwa ta WhatsApp, amma mu ma ba su ƙyale mu ba. Wata maƙwabciyata mai atamfa aka kira wai za a sa ta a zauren adashe, ta karanto musu lambobi shida da WhatsApp ya turo mata. Kafin la'asar sun ƙwace WhatsApp ɗin suna bin kwastomominta suna karɓar kuɗin kaya da sunanta. Har yau wasu ba su yarda ba ita ba ce, wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Na yarda da abin da malam mai gyara ya faɗa, sai dai kiran nan, kuɗin yau kawai zai tsare. Ku kafa doka a shago: duk canjin asusu sai an ji murya, kuma sai mutum biyu sun gani kafin kuɗi su fita. Kuɗin da suka tsallaka waje da wuya su dawo, don nan take ake rarraba su. In tsautsayi ya faɗa, a sanar da banki a lokacin, kada a bari sai gobe, sannan a kai ƙara EFCC.

Banki ba ya neman lambar sirrin kati ko OTP (lambar da banki ke turo maka don tabbatar da biya) ta waya ko imel. Saƙon "za a rufe BVN ɗinka, danna nan" a share shi. Ku sa wa layin da ke karɓar alat lambar sirri, don wayar da aka sace da layi a buɗe ana iya kwashe kuɗi da ita. Kwamfutar shago kuma a daina sauke finafinai da cusa kowane filashi a cikinta. In Windows 10 ce, Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Littafin bashi a riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri daban.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai. Mun kira matar kamfanin a gaban Alhaji, ta ce ba su canza komai ba. Adireshin ma an ƙara masa harafi ɗaya. Yanzu ta yaya zan san ko ta wajenmu suka shiga?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Buɗe imel ɗin a kwamfuta ka shiga saiti. Duba ko an sa a riƙa tura kwafin saƙonninku zuwa wani adireshi, ko wata ƙa'ida da ke ɓoye saƙonnin kamfanin, ka goge. Duba jerin na'urorin da ke ciki, ka kori duk wadda ba ka sani ba. Ka canza kalmar sirri da doguwa wadda ba ku amfani da ita a ko'ina, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Ka ce wa matar su ma su yi haka yau, su kuma gargaɗi sauran masu sari a wajensu, don da wuya a ce ku kaɗai aka aika wa.