Ƙofar gilashin falona ta ƙi zuguwa, wane mai zan sa mata?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Muna da ƙofar gilashi mai zugewa, irin ta alminiyam ɗin nan, tsakanin falo da baranda, a nan Kano. Tun da hunturun bana ya kama ta fara tauri, yanzu sai na sa hannu biyu kafin ta motsa, ga ƙara mai tayar da yaro daga barci. Maigadinmu ya ɗiga mata baƙin mai, ta yi laushi na ɗan lokaci, daga baya abin ya fi na da muni. Maigidan ya ce a sayo WD-40, man fesawar nan na gwangwani mai sakin tsatsa, maƙwabciyata kuma ta ce ita basilin take shafa wa tata. Wanne zan bi?

Mai Alminiyam:

Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina ke nan, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu kusan duk kiran da ake min a kan wannan ne. Kada ki bi ko ɗaya tukuna.

Ƙofar nan ba a kan layin take zamewa ba. Akwai ƙananan tayoyi a ƙarƙashinta, galibi biyu, su ne ke gara ta. To taya juyawa ake so ta yi. Idan aka malale layin da mai, sai ta daina juyawa ta koma silalewa, gefe ɗaya ya cinye ya baje, shi ke nan sai ki riƙa jin gungurun-gungurun duk sanda aka ja. Baƙin mai, giris, basilin, man gyaɗa, duk hukuncinsu ɗaya a wurina: suna da danƙo, ƙurar hunturu kuwa abin da take nema ke nan. Ƙura da yashi su haɗu da mai su zama wani baƙin kwaɓi da ke cin taya da layin tamkar samfefa. Man gyaɗa ma har tururuwa yake gayyatowa.

Ki fara da wanki. A share kwarin da tsintsiya ko burushin fenti, a bi lungunan da tsohon burushin haƙori. Wannan man da aka zuba, a goge shi da tsumma da ɗan kananzir, sannan ruwan omo, sannan a bar shi ya bushe sarai. Ki duba ƙananan hujojin da ke jikin layin ta waje, na fitar da ruwan sama ne, a tsokale su da tsinke don kada damina ta zo ruwa ya kwanta. Sau da yawa daga nan ma ƙofa take warkewa, ban sa mata komai ba.

In har da sauran tauri, abin da nake amfani da shi silikon na fesawa ne, ko wanda aka rubuta PTFE (wani sinadari mai sa santsi) a jikin gwangwanin. Suna bushewa, ba sa barin maiƙon da ƙura za ta kama, kuma silikon ba ya ɓata roba. Ki sa siririn bututun nan ja ki fesa daidai kan tayoyin ta ƙasa, kaɗan, ki zuge ƙofar gaba da baya, ki goge abin da ya zubo. Ki kula kada ya taɓa tayil, santsinsa ba na wasa ba ne, ga yara a gida. Za ki samu wajen masu kayan mota a Kofar Ruwa ko Sabon Gari. Amma ki ce na fesawa, don in kika aiki yaro ya ce silikon kawai, gam ɗin da muke liƙe gilashi za a ba shi.

Bakanike:

Oga, ban yarda a yar da WD-40 haka kawai ba. Ni da shi nake kwance duk notin da ya yi tsatsa. In tayoyin Hajiya na ƙarfe ne masu boris, kuma ruwan mopa ya shige su, babu abin da zai sake su kamarsa.

Mai Alminiyam:

Gaskiyarka Malam, wajen sakin tsatsa da korar laima ban ja da kai ba, har wanke tsohon giris yana yi. Sai dai shi ma yana barin ɗan maiƙo, kuma ba ya daɗewa. In an fesa don a saki boris, a goge tas, a biyo da silikon. Kamfanin WD-40 ɗin ma yana yin nasa na silikon da na PTFE daban, sai a karanta jikin gwangwanin, kada a tsaya ga sunan.

Inna ta Damagaram:

Ku dai yaran zamani komai sai gwangwani. Mu nan ƙura ta fi taku, guntun kyandir nake goga wa tagogina, lafiya lau suke tafiya.

Mai Alminiyam:

Inna, ina gaisuwa. Dabararki tana ci, musamman ga taga mara nauyi da kwarin sama inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, tunda kyandir busasshe ne. Illa dai ba ya kaiwa cikin taya. Wanda nake hana mutane shi ne garin giraffait da ake sa wa kwaɗo: yana baƙanta labule, kuma idan ya samu laima ba ya shiri da alminiyam.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun wanke, mun fesa, ƙarar ta tafi. Amma gefen da ke wajen makulli har yanzu kamar yana jan ƙasa.

Mai Alminiyam:

To wannan ba maganar mai ba ce Hajiya, ƙofar ce ta zauna. Ki duba kaifin ƙofar ta can ƙasa, yawancinsu akwai rami da sukuru a ciki, wani sa'in da 'yar roba a toshe. A juya shi da sukudireba kaɗan-kaɗan ana gwadawa, zai ɗaga wannan gefen. In an juya ba ta ɗagu ba, tayar ta mutu, sai canji. A ciro tsohuwar a tafi da ita kasuwa, don girmansu ba ɗaya ba ne, kuma a canja duka biyun lokaci guda. Kada maigadi ya ce zai sauke ƙofar shi kaɗai: gilashi mai kaurin milimita 6 kilo 15 ne a kowace murabba'in mita, ƙofa guda tana haura kilo 25 tun ba a lissafa firam ba. Mutum biyu, a shimfiɗa bargo a ƙasa kafin a jingine ta.