Taimako dan Allah: yaushe ake cire irin ziniya, kuma yaya ake ajiye shi?

Ummin_Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar fulawa a taimaka min. Farkon daminar nan ƙanwar maigidana ta ba ni irin ziniya a ƙulle a takarda, na watsa a gindin katanga ta wajen da rana take bugawa wasu kuma a tsofaffin bokitan fenti, toh Alhamdulillah sun yi kyau sosai, ga ja ga ruwan hoda ga ruwan goro har da wata fara guda ɗaya da ban san daga ina ta ɓullo ba, duk wanda ya shigo gidan sai ya tanka. Yanzu so nake in samu irin baɗi kada in sake zuwa roƙo, amma kawunan da na bari su bushe a jiki sai na ga suna yin baƙi suna laushi, in an matsa ma har ruwa ke fita, ga kuma wani fari-fari ya rufe ganyen ƙasa. Muna Zariya ne, har yanzu ruwa bai ɗauke ba. In yanke su tun da sauran launinsu in shanya a ɗaki ne ko in jira? Sannan maƙwabciyata ta ce wai ko na ajiye irin jar ba lallai ja ta fito ba, wai ƙasa ce ke canza musu launi, da gaske ne?

Mai_Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Waɗanda suka yi laushin nan kam sun tafi, ki cire su ki zubar nesa da sauran, ruwa ne ya kwanta a cikin kan ya ruɓar da shi. Kuma kada ki yanke mai sauran launi da sunan iri, yawancin 'ya'yan ba su ƙosa ba, za ki shanya ki ajiye ki shuka ki yi ta jira shiru. Abin da za ki yi yanzu shi ne duk furen da ya fara yaushi ki datse shi daga saman gaɓar da ta fitar da ganye biyu, ita ziniya in ana datse ta ƙara reshe take yi tana sake fure, kin ga ba asara. Sai ruwa ya fara ja baya, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ne za ki zaɓi manyan kawuna daga shukar da ta fi lafiya ki ɗaura musu zare ko tsumma don kada yara su tsinke, ki ƙyale su su bushe a jikin uwarsu.

Yadda za ki gane ya yi, kan zai koma ruwan ƙasa ya bushe ƙayau, in kin taɓa za ki ji yana ƙaras-ƙaras. Ki ja busasshen ganyen furen guda ɗaya a hankali, a gindinsa za ki ga ɗan iri fale-fale mai tsini, launin toka ko ruwan ƙasa. Ki matsa shi tsakanin yatsu, in kin ji tauri da ɗan ciki toh mai rai ne, in ya lanƙwashe ba komai a ciki ƙaiƙayi ne. Can tsakiyar kan ma akwai wasu, su ma suna tsira, kada ki zubar. Da rana za ki yanka bayan raɓa ta bushe, ba da sassafe ba. Ki baza a faifai a inuwa inda iska ke shiga kamar sati ɗaya zuwa biyu, sai ki murje da hannu ki sheƙe a hankali don irin ba nauyi, in kika hura da ƙarfi har shi zai bi iska.

Wajen ajiya kuma dan Allah ban da leda. Leda tana riƙe laima, irin ya yi funfuna. Ambulan ko takardar littafi ki naɗe, ki rubuta launi da shekara a kai, ki sa inda ba zafi ba laima. In ya bushe sosai yana kai shekara 3 yana tsira.

Anti_Malama:
Baba Mai Lambu ya gama magana kan girbin, Allah ya saka. Ni maganar launi zan taɓa. Ƙanwata maƙwabciyarki ta yi gaskiya rabi, launin yana iya canzawa amma ƙasa ba ruwanta a ciki, bawan Allah ƙasa an ɗora mata laifin malam buɗe littafi hhh. Ziniya dangin fulawar nan ce mai bin rana da ake man girki da 'ya'yanta, abin da muke gani kamar fure ɗaya tarin ƙananan furanni ne, ki duba tsakiya da kyau za ki ga wasu 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa sun kewaye, toh nan garin barbarar yake. Malam buɗe littafi da ƙudan zuma suna sauka kan ja su tashi su sauka kan fara, sun haɗa aure kenan ba da sanin kowa ba, ɗan da ke cikin kan jar uwarsa ja ce amma ubansa Allah kaɗai ya sani. Shi ya sa baɗi za ki ga launin da ba ki taɓa shukawa ba, ita farar da ta ba ki mamaki ma wataƙila haka ta samu.

Sai kuma in irin asali na fakiti ne wanda aka rubuta F1 a jiki, shi kamar masara mai aure yake, shekarar farko ya yi kyau bai ɗaya, in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa sai su rarrabu, wani gajere wani dogo, wani furen cike wani layi ɗaya. In ja zalla kike so, hanya mai sauƙi ki shuka ja kaɗai a gidan, kina ganin wani launi ya buɗe ki tuge shi tun kafin ƙwari su same shi, a hankali shekara bayan shekara jar za ta rinjaya. Ni dai gaskiya gaurayen ya fi burge ni.

Ɗan_Tudun_Jos:
Ni fa ina ganin wahalar da kanmu muke da shuka ta farkon damina in dai iri ake nema. Asalinta daga Meziko take, rana da zafi take so, ruwa mai kwana a ganye ne ba ta so. Tana tsira cikin kwana 5 zuwa 7, fure kuma wajen wata biyu, toh ki lissafa Hajiya, in kin sake watsa wani a watan Agusta furensa zai buɗe daidai ruwa na ɗaukewa, kawunan su bushe cikin iskar kaka ba ruɓa ba komai. Kada ki binne da zurfi, rabin santimita ya isa, kuma a inda za ta zauna ake shuka ta don ba ta cika son dashe ba.

Fari-farin nan na ganye cuta ce ta funfuna, cunkoso ke ƙara ta. Tunda watsawa kika yi na san sun matse juna, a bar taƙi ɗaya ko fiye tsakaninsu, a cire ganyen da ya kamu, ban ruwa a gindi ba a ka ba. Kuma kada ki ji haushi, har a tashar sararin samaniya funfuna ta kama ziniyar da suka shuka saboda laima, sai da ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya yanke inda ya kamu aka ƙara mata iska kafin ta yi fure a Janairun 2016.

Ummin_Yara:
Kai masha Allah na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba toh ɗakinmu akwai ɓeraye da kyankyasai, takarda ba za ta kai labari ba, in sa a kwalba? Sannan na bokitin nan in na ci gaba da ba su ruwa za su kai baɗi?

Mai_Lambu:
Ki sa a kwalba mai murfi ba laifi, amma da takardar tasa za ki cusa, kuma sai kin tabbata ya bushe ƙayau, ki bari hunturu ya ɗan busa shi tukuna kafin ki rufe. Na bokiti kuwa ba za su kai ba Hajiya, shukar shekara ɗaya ce, tana gama iri take mutuwa ko da kin shayar da ita safe da yamma. Sai dai ki tuge, ki juya ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki, ki shuka sabo da ban ruwa, sanyi zai ɗan rage mata sauri amma za ta yi. Ki duba gindin katangar ma in ruwan fari ya sauka, waɗanda suka zube da kansu za su fito, ki gargaɗi mai shara kada ya ɗauka ciyawa ce.