Yaya za a sa TLC5940, aisin daidaita hasken fitilun LED, ya sarrafa transistan MOSFET?

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina haɗa zaren fitilun LED mai launi uku na bolt 12, wanda kowane launinsa ke jan kusan ampiya 2 a tsawon mita 5. Da yake kowace ƙafa cikin ƙafafu 16 na aisin TLC5940 ba ta ɗaukar fiye da miliampiya 120, sai na sa transistan MOSFET mai lamba IRLZ44N a tsakani, na jona get ɗinsa (ƙafar da ke buɗe shi da rufe shi) kai tsaye da ƙafar aisin, amma fitilun sun ƙi bin umarnin Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa aisin. Daga ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Malam, wannan aisin ba ya turo wuta daga ƙafafunsa, zuƙe ta yake yi zuwa nagetif, saboda haka babu abin da zai cika get ɗin har transistan ya buɗe. Ka sa resista mai om 1,000 tsakanin get da bolt 5. Sai dai aikin zai juye: idan ƙafar aisin ta kunna, fitila ta mutu, idan ta saki, fitila ta kama, don haka dole ka cire kowace ƙimar haske daga 4095, wato ƙima mafi girma, kafin ka tura ta.

Amsa ta biyu:
Shawarar mai amsa ta farko daidai ce, amma tana da cikas da ya kamata a sani tun yanzu. A ƙarshen kowane zagayen kunnawa da kashewa, siginar BLANK ta aisin tana sakin dukkan ƙafafun na ɗan ƙanƙanin lokaci, resistan nan kuwa ba ya jira, nan take zai ɗaga get ɗin. Da rana ba za ka lura ba, amma a ɗaki mai duhu za ka ga zaren yana ja-ja ko shuɗi-shuɗi alhali ka ce ya mutu. Kada kuma ka ɗaga resistan zuwa om 10,000, domin get ɗin IRLZ44N yana da nauyin cikawa, zai riƙa buɗewa a hankali, transistan ya yi zafi a banza. A ganina, tunda transista ne zai ɗauki nauyin, aisin PCA9685 ya fi dacewa, domin ƙafafunsa suna turawa suna kuma zuƙewa, yana da matakan haske 4096 iri ɗaya da na TLC5940, kuma wayoyi biyu na I2C, hanyar da Arduino zai yi magana da shi, sun ishe shi.

Amsa ta uku:
Kowanne ka zaɓa, ɗan'uwa, ka tabbata nagetif ɗin bolt 12 da na Arduino suna haɗe wuri guda, in ba haka ba transistan zai riƙa kunna kansa yana kashewa yadda ya ga dama.