Tsirkiyoyin gitar bas ɗina sun dushe, ku ba ni dabara

Mai bas na Birni: Salamu alaikum jama'a. Wata uku kacal da na ɗaura sabbin tsirkiyoyi, ga shi masu kaurin nan biyu, Mi da La, sun dushe, in na taɓa sai ka ce katifa aka buga. Asabar muna da wasan biki. Me kuka gani?

Na Zango: Ƙurar hunturu ce da gumin hannu suka toshe murɗin wayar. Kwance su ka naɗe, ka tafasa a ruwa minti 15, ka shanya su bushe ƙayau kafin ka mayar. Amma kar ka taɓa tukunyar miyar uwargida, ni na san abin da ya same ni.

Ɗan Karkada: Tafasa na tashe su, sai dai na 'yan kwanaki ne, kuma in danshi ya kwana a ciki tsatsa ke biyo baya. Ni alkol nake jiƙa nawa a ciki, kwana guda a kwalba rufe.

Mai gyaran ampli: Ku dakata da dahuwa tukun. Yaya, zare waya daga ampli (na'urar ƙara sauti), ka kafa kunne jikin katako ka taɓa. In sauti na nan da ransa, tsirkiya ba ta da laifi: wataƙila pil (batir) ɗin volt 9 ne ya yi sanyi. In kuma a dushe yake, duba ko mikro, wato abin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya, ya matso sama har maganaɗisunsa yana riƙe ta.

Mai bas na Birni: Nawa ba mai pil ba ne. Na tafasa jiya, La ta farfaɗo, Mi kam shiru.

Tsohon makaɗi: Yaro, da ka ɗaura Mi, da hannu ka nannaɗa ta a kan kunnen bas, wato ƙarfen da ake ɗaura ta?

Mai bas na Birni: Ƙwarai, Baba, sauri nake.

Tsohon makaɗi: To ka murɗe ta ke nan, murɗaɗɗiyar tsirkiya kuwa ba ta kaɗawa. Sassauta ta har ƙullin gindinta ya juya da kansa, ka ja ta da maɓalli, naɗi biyu ko uku suna gangarowa ƙasa, sannan ka danna ta da babban yatsa a kan gada, wato ƙarfen da gindinta ke hawa. Ni dai dushewa ba ta dame ni ba. James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin waƙa na Motown, sai tsirkiya ta tsinke yake sake ta.

Mai bas na Birni: Baba, Allah ya ƙara girma, ta tashi! Duk da haka, akwai mai zuwa Kano wannan satin? Ina son saitin tsirkiyoyi mai kaurin 45 zuwa 105 na ajiya.

Na Zango: Laraba zan tafi. Kawo mini kuɗin a fada bayan la'asar.