Shin ihu yana da wani amfani ga lafiya?

Manomin shinkafa, Auyo:
Assalamu alaikum. Duk shekara idan shinkafa ta fara nuna, ni da yara muna wuni a gona muna kwarma ihu domin korar jan-baki. Na lura cewa idan na dawo gida da yamma, duk da gajiya, nakan ji ƙirjina ya yi sakayau, damuwar da na fita da ita ta ragu. Ɗana ya ce ya karanta a waya cewa ihu maganin damuwa ne. Masana, mene ne gaskiyar wannan magana?

Ma'aikacin lafiya, Haɗejia:
Wa alaikumus salam, Baba. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙarin gishiri. Wanda zai ɗaga murya dole ne ya cika huhunsa da iska ya kuma fitar da ita da ƙarfi, tsokar ciki da ta ƙirji su ɗaure sannan su saki, kuma wannan sakin ne mutum yake ji kamar an sauke masa kaya. Sai dai ku kuna yin naku ihun ne kuna zagaya gona a ƙafa, cikin iska da mutane, don haka a ganina motsa jikin ya fi ihun yi muku aiki.

A wajen shekarar 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Arthur Janov, ya yi suna wajen sa masu damuwa su kurma ihu domin su amayar da abin da ke ransu, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa hanyar tana warkarwa ba. A 2002 kuwa wani masanin halayyar ɗan Adam, Brad Bushman, ya gwada mutanen da aka fusata, ya tarar cewa waɗanda suka huce haushinsu a kan buhun naushi suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru fushi. Ihun fushi yana ƙara bugun zuciya, yana kuma ɗaga jini na ɗan lokaci, saboda haka mai hawan jini ya kiyaye.

Malamin Islamiyya, Ringim:
Bayanin ya yi daidai da abin da muka karanta. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi umarni da sassauta murya, hadisi kuma ya koyar da mai fushi ya zauna idan yana tsaye. Amma ɗaga murya don buƙata, kamar kiran salla, talbiyyar maza a aikin Hajji ko tsaron amfanin gona, ba ya cikin abin da aka hana.

Malamar firamare, Kura:
Malam manomi, ku dai tausaya wa maƙogwaro, musamman na yaran. Tantanin murya guda biyu ne da ke karkarwa idan iska ta bi ta tsakaninsu, kuma yawan ihu yana kumbura su, har ƙananan ƙulli su fito a kansu, abin da ya yi yawa a tsakaninmu malamai. Ku riƙa shan ruwa akai-akai, ku bar gwangwani da tsakuwa su yi rabin aikin. Idan murya ta dishe har ta wuce mako uku ba ta dawo ba, a je a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.