Masu haɗa balaga da nazarin Yahudawa, wane sashe ya ɗauke ku aiki?

Bakatsiniya: Salamu alaikum. Ina dab da kammala digirin digirgir a Amurka, a kan littafin Musa bin Ezra, mawaƙi Bayahude na Garnaɗa ta Andalus, wanda ya auna waƙar Ibrananci da salon Attaura da ma'aunin balagar Larabawa. Yayyena da kuka riga mu, ina kuka samu gurbi?

Malamin Rubutu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni sashen Turanci ne ya ɗauke ni, domin a Amurka galibi can balaga take zaune, ko a sashen sadarwa. Abincina koyar da 'yan aji ɗaya yadda ake gina hujja. Binciken Yahudawan kuwa sai hutu. Wajen ganawar neman aiki, 'yan balaga sun ce na cika tarihi, 'yan nazarin Yahudawa sun ce na cika nazariyya. Wanda ya cece ni shi ne Chaim Perelman, masanin balaga: Bayahuden Beljiyam ne, littafinsa na 1958 tare da Lucie Olbrechts-Tyteca kowane ɗan balaga ya san shi. Da shi nake buɗe magana.

Tsohon Almajiri: Hajiya, jarinki Larabci ne, kada ki raina shi. Na yi aikin kwantaragi kan takardun Geniza, wato ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa, waɗanda Solomon Schechter ya kwaso daga majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Alƙahira zuwa Kambirij a 1897, gutsure kusan 193,000. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, kamar dai ajaminmu. Abokan aikina sun fi ni Ibrananci nesa ba kusa ba, amma da aka zo kan isti'ara da kinaya, wato salon adon magana na balagar Larabci, ni ake juyowa a tambaya. Cikin manyan malaman Yahudawa, Sa'adiya Ga'on da Larabci ya fassara Attaura, Musa bin Maimun ma da shi ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin. Matsalar ɗaya ce: kwantaragi na ƙarewa, haya ba ta jira.

Maman Biyu: Ni Jamusanci ne ya wahalar da ni, don manyan binciken ƙarni na 19 da shi aka yi. Sai kuma gida. Kawuna ya tambaye ni ko addini na sauya!

Bakatsiniya: Na gode ƙwarai. Malam, takardar neman aikin iri biyu ka rubuta?

Malamin Rubutu: Iri biyu, kowane sashe da tasa. Turo taki in duba kafin Oktoba, lokacin guraben suka fi fitowa.